Bagadin Iyali: Koya wa Yara Wane Ne Maƙwabci

Karatu: Luka 10:25-37, Maimaitawar Shari'a 6:4-9

Gabatarwa

Idan dare ya yi a Bolori, an ci tuwo an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, akwai gidajen masu bi da akan ji waƙar yabo tana tashi, sa'an nan uba ko uwa ta buɗe Littafi Mai Tsarki. Wannan sujada ta cikin gida ita ce ake kira bagadin iyali. A nan ne yaro yake fara sanin Allah, a nan ne kuma yake koyon yadda zai ɗauki mutumin da ke bayan katangar gidansu. Musa ya ɗora wa iyaye, ba firistoci kaɗai ba, nauyin koya wa 'ya'ya maganar Ubangiji dare da rana. Makarantar Lahadi sau ɗaya ce a mako, gida kuwa kullum ne.

Abin da Yara Suka Gada

Bolori babbar unguwa ce a birnin Maiduguri, mai gunduma biyu, Bolori I da Bolori II. Barebari da Shuwa da Hausawa da mutanen kudancin Borno, kamar Bura da Margi, suna zaune tare. Musulmi sun fi yawa, Kirista suna tsakaninsu, famfo ɗaya, kasuwa ɗaya.

Amma birnin yana ɗauke da tabo. Ranar 18 ga Fabrairu 2006 an ƙone majami'u da yawa, an yi asarar rayuka. A watan Yuli 2009 tarzomar Boko Haram ta cinye wasu, har da majami'ar EYN ta Wulari. A 2014 aka sace 'yan mata 276 a Cibok, Gwoza da Bama suka faɗa hannun 'yan ta'adda, dubban mutane suka gudo Maiduguri, da yawa suka sami masauki a gidajen dangi da na waɗanda ba su taɓa sani ba.

Yawancin yaran da ke zama a tabarmar sujada yau ba su ga waɗannan abubuwa da idonsu ba. Daga bakin manya suke jin labarin. Saboda haka yadda iyaye suke ba da shi, da irin addu'ar da suke yi a kansa, shi zai nuna ko yaron zai girma da ƙauna ko da ƙulli a zuciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Misalin Basamariye

Wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, yana neman a ja masa iyaka. Yesu ya amsa masa da labari. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ta kai kimanin kilomita 27, gangare ce ta cikin duwatsu, maɓoyar 'yan fashi. A can aka tare wani matafiyi, aka tuɓe shi, aka bar shi rai a hannun Allah. Firist ya gan shi ya ratse, Balawe ma haka. Basamariye ne ya tsaya, ya wanke raunukan da mai da ruwan inabi, ya ɗora shi a kan dabbarsa zuwa masauki, ya biya dinari biyu, wato ladan ƙwadagon kwana biyu, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru.

Akwai abu uku da ya kamata iyaye su gane kafin su koyar.

Na fari, Yahudawa da Samariyawa ba sa ga-maciji da juna, a kan addini da asali. A Luka 9:51-56, kafin wannan misali da kaɗan, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, har Yakubu da Yahaya suka so su kira wuta daga sama, amma Ubangiji ya tsawata musu. Daga cikin mutanen nan da suka ƙi shi ne ya zaɓo gwarzon labarinsa.

Na biyu, ba a faɗi kabila ko addinin wanda aka ji wa rauni ba. Tufafin da za a gane shi da su an kwashe. Abin da ya rage shi ne mutum mai bukata.

Na uku, Yesu ya juya tambayar. Masanin ya nemi sanin wanda ya cancanci ƙaunarsa, Yesu kuwa ya tambaye shi wanda ya zama maƙwabci ga mai raunin. Masanin bai iya ambatar sunan Basamariye ba, sai dai ya ce wanda ya nuna jinƙai.

Yadda Iyali Za Su Yi Nazari

1. A tsai da lokaci guda kowace rana. Minti 15 ko 20 ya isa, gama yaro mai gyangyaɗi ba ya riƙe komai.

2. Yaron da ya iya karatu ya karanta nassin. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Inda kaka ta fi jin Bura ko Margi, a maimaita mata labarin da harshenta.

3. A rufe littafin, ƙaramin cikinsu ya sake ba da labarin da bakinsa. Yara za su iya yin wasan kwaikwayonsa, wannan firist, wannan mai masauki.

4. A yi tambaya, a jira amsa. Yesu kansa bai ba masanin amsa a hannu ba, ya bar shi ya samo ta. Uban da ya mai da sujadar iyali wa'azi ko wurin faɗa a kan laifofin yini, zai sa yara su riƙa gudunta.

5. A zaɓi aiki ɗaya na mako: ɗebo wa tsohuwar maƙwabciya ruwa, kai abinci gidan da aka yi rasuwa, ko zama kusa da ɗan gudun hijirar da ba shi da aboki a aji.

Tambaya Mai Wuya

Ko ba jima ko ba daɗe, wani yaro zai ce, "Baba, har da waɗanda suka ƙone majami'armu?" Kada uba ya yi masa tsawa, kada kuma ya ɓoye gaskiya. Mugunta ce aka yi, Yesu kuma bai yabi 'yan fashin ba. Amma lalle yaro ya san cewa 'yan ta'addan sun kashe Musulmi masu ɗimbin yawa, sun kai hari masallatai da kasuwanni, maƙwabcin da ke salla a ƙofar gidansa shi ma ya yi makoki. Sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwan bai tambayi addinin kowa ba, masu ceto ma haka.

Game da masu laifin kuwa, Ubangiji ya umarci masu binsa su yi wa magabtansu addu'a (Matiyu 5:44), ya bar ramako a hannun Allah (Romawa 12:19). Wannan bai hana taka tsantsan ba, bai kuma hana hukuma yin shari'a ba. Iyayen da har yanzu zuciyarsu take ciwo kada su ji kunyar roƙon ikon gafartawa a gaban 'ya'yansu. Yaron da ya ji mahaifiyarsa tana wannan roƙo da hawaye ya koyi abin da ba zai manta ba.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Me ya sa firist da Balawe suka wuce? Waɗanne dalilai ne mutane suke bayarwa a yau?
2. Me taimakon ya ci wa Basamariyen?
3. Wane ne yake kwance a bakin hanya a unguwar nan?

Addu'a

Iyali su durƙusa tare, kowane yaro ya ambaci maƙwabci ɗaya da sunansa a gaban Allah, Kirista ko Musulmi. A tuna da gwauraye da marayu, da waɗanda har yanzu ba su koma garuruwansu ba. A roƙa wa masu tayar da hankali tuba. Uba ko uwa ta rufe da roƙon Ubangiji ya ba gidan idon ganin mai bukata da zuciyar tsayawa a kansa, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.