GUBAR DA WUTA BA TA KASHEWA: JATAN LANDE DA RUWAN DA YA FITO

Duk wanda ya zauna a unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916, ya san busasshen jatan lande, watau abin da 'yan kasuwa ke kira kirefish, Yarabawa kuwa su ce ede. Zama da maƙwabta ya shigar da shi tukunyar Bahaushiya, har ya kai Kano da Sakkwato. Abinci ne mai gina jiki, ba a hana kowa cinsa ba. Abin da ake jawo hankalin jama'a a kai shi ne irin ruwan da dabbar ta rayu a ciki.

Akwai waɗansu ƙarafa masu guba, manyansu su ne dalma da zaiba da kadmiyam. Suna fitowa daga tsohon batirin mota, da fenti, da baƙin man gareji, da tarkacen rediyo da wayar hannu da ake ƙonawa a juji, da dagwalon masana'antu. In ruwan sama ya sauka sai ya kwashe su zuwa rafuka. A Ibadan kogin Ogunpa ya ratsa tsakiyar gari yana ɗauke da shara, kogin Ona ne aka datse a Eleyele a 1942, madatsar Asejire kuwa tana kan kogin Osun gabas da birnin. Ko'ina cikin ƙasar nan akwai ruwaye irin waɗannan.

To, ƙarfe ba ya ruɓewa. Nutsewa yake yi ya kwanta cikin taɓo, jatan lande kuwa a taɓon nan yake kiwo. Kullum yana haɗiyar kaɗan, tana taruwa a jikinsa, musamman cikin kai da ɓawo. A nan matsalar take, gama ba a fige shi kamar kaza; ɗungurungum ake dakawa, da kai da ɓawo, a zuba a miya. Shanya ruwa kawai take janyewa, ƙarfen yana nan. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ko an kwana ana hura wuta ba ta taɓa dalma. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ido ba ya ganinta.

Yara ne suka fi cutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa jikin yaro yana shan dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma babu wani adadinta da za a ce ba shi da illa. Tana dakushe ƙwaƙwalwa, ta rage jini, ta ɓuya cikin ƙashi shekaru, sa'an nan ta fito lokacin da mace ta sami ciki ta isa ga ɗan tayi. Kadmiyam kuwa ƙoda yake ci. Ƙasar nan ta ga aikin dalma a 2010, sa'ad da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda ƙurar dutsen zinariya. Ta hanyar abincin ruwa ma an gani: a garin Minamata na Japan, a 1956, aka gano cutar da zaibar wata masana'anta ta jawo wa masu cin kifi.

Yawancin kirefish na kasuwa daga bakin teku ake kawo shi, wajen Oron da Kalaba, kuma ɗan kaɗan ake sa wa miya. Saboda haka babu dalilin firgita. Wanda ya kamata a guje wa shi ne wanda aka kamo a rafin cikin gari, ko kusa da juji da magudanar masana'anta, ko aka shanya shi a ƙasa gefen titi. Dillali ya tambayi inda kayansa suka fito. Matan da ke dafa abincin sayarwa cikin gidajen Sabo su riƙe mai sayarwa guda wanda suka amince da shi. In babba ne ɗanye, a cire kan kafin a dafa.

Makanikai da masu fasa batir kada su zubar da ruwansa a kwata. Wanda ya ga ana tuttular da dagwalo cikin kogi ya sanar da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, batun gurɓataccen abinci kuwa NAFDAC ake kai wa. Yaron da ke fama da ciwon ciki, da kasala, ko farfaɗiya ba zazzaɓi, a kai shi asibiti, domin gwajin jini ne kaɗai ke nuna dalma.