Darasin Sana'a: Tsohon Filen Na Biyu, A Gyara Ko A Bari?

Filen shi ne abin da kafinta yake goge katako da shi har ya yi sumul. Wani kafinta yakan gaji tsohon filen mai tsatsa, ko ya same shi da araha a kasuwa, alhali yana da irinsa a shago. To, gyaran na biyun zai biya wahala?

Yawancin tsofaffin filen na ƙarfe ƙirar kamfani biyu ne. Stanley na Amurka yana yin su tun 1869. Record na Ingila ya fara a 1931. Lamba 4 tsawonsa inci 9 ne, lamba 5 kuma inci 14. Faɗin wuƙarsu ɗaya ne, inci 2. Saboda haka wuƙar wannan tana shiga wancan.

Kafin a ɓata kuɗi da yini guda, a duba abu uku:

1. Jikinsa. Ƙarfen zubi ne, yana tsagewa in ya faɗi. In akwai tsaga kusa da bakin da wuƙa take leƙowa, kada a gyara.
2. Wuƙarsa. In tsatsa ta yi mata ramuka a baya, ba za ta yi kaifi sosai ba.
3. Kusoshinsa. In sun cika kuma suna juyawa, an dace.

In ya tsallake ukun nan, gyaransa ba wuya. A kwance shi, a wanke da kananzir. A shimfiɗa sanfefa a kan gilashi, a goga ƙasansa har ya daidaita. A wasa wuƙar, a shafa mai. In mariƙin ya karye, a sassaƙa wani.

Ribar filen biyu ita ce: a buɗe wuƙar ɗaya don cin katako da sauri, a tsuke ta ɗayan don gugar ƙarshe. Ba sai an yi ta sauya saiti ba. Yaron shago ma ya sami na koyo. Wanda ya tsage kuwa, a ajiye shi don wuƙa da kusoshi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambayoyi:
1. Inci nawa ne tsawon lamba 5?
2. Wane filen ne bai cancanci gyara ba?