Dokar Hana Taro: Mu Bi Ko Mu Ƙi?

Karatu: Littafin Firistoci 13:1-8, Romawa 13:1-10, Ibraniyawa 10:25.

A ƙarshen watan Maris 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana fita saboda annobar korona. Aka daina sallar Juma'a cikin birnin Zazzau, aka rufe majami'un Wusasa da na Sabon Gari har watan Yuni. Sai gardama ta tashi. Waɗansu suka ce hukuma ba ta da ikon hana sujada, waɗansu kuwa suka ce kiyaye rai shi ne gaba.

Ku lura, 'yan'uwa. Shari'ar Musa ma takan tsare wanda ake zaton yana da kuturta kwana 7, sa'an nan firist ya sake duba shi. Tsarewar tana da dalili, tana kuma da ranar dubawa. Da wannan mudu za mu auna kowace doka irin wannan. Idan ta cika shi, mu bi ta saboda ƙaunar maƙwabci. Amma kada mu manta da ɗan dako da gwauruwa, gama wanda aka kulle ba hatsi, yunwa takan riga cuta isa gare shi.

Tambaya: in an sake rufe ƙofar majami'arku, wa za ku fara kai wa abinci?