Dillalin Mai Gida Ne, Ba Naka Ba: Ƙa'idojin Nuna Takardar Banki a Ingila

Duk wanda ya taɓa shiga kara sayen rago ya san ba a buɗe wa dillali lalita ya ƙirga kafin a fara tayi. Amma sai ka ga mutum ya san wannan sarai, ya zo sayen gida a Manchesta ko Landan, ya kwashi takardun banki ɗungurungum ya tura wa dillali, har da na albashin wata shida da ba wanda ya tambaye shi. Wani kuma ya kafe, ya ce ba zai nuna ko ƙyalle ba, gida ya wuce shi yana kallo. Dukansu biyu sun yi kuskure.

Da farko, ka san abin da ke hannunka. Takardar da banki ke fara bayarwa ta share fage ce kawai: ka faɗi albashinka da basussukan da ake bin ka, sun leƙa tarihin biyan bashinka, sun ce a bisa ƙa'ida za su iya ba ka kaza. Ba alkawari ba ne. Yawanci kwana 30 zuwa 90 take yi ta mutu. Tabbatacciyar takardar bashi ba ta fitowa sai an sallama maka gida, banki ya tantance takardunka ya kuma aiko a kimanta gidan. Kada ka ce wa dillali "banki ya ba ni" alhali ta share fage ce a aljihunka. Ya fi ka sanin bambancin, kuma daga nan zai fara yi maka kallon baƙo.

Ka nemo ta share fagen kafin ka fara zagayen gidaje, ba bayan ka ga wanda ya kwanta maka ba. Kuma kafin ka danna komai, ka tambaya wane irin bincike za a yi wa tarihin bashinka, mai barin tabo ne ko marar tabo. Mai tabon yana zama a kundinka na Experian ko Equifax ko TransUnion, sauran bankuna suna gani. Kada ka bi bankuna biyar a mako guda kana tara takardu kamar mai tara katin biki.

Ka nuna wa dillali takardar. Wannan ba wurin taurin kai ba ne. A Ingila da Wels ciniki ba ya ɗaure kowa sai ranar da lauyoyi suka yi musayar takardun yarjejeniya, abin da kan ɗauki watanni, kuma kafin nan kowa na iya fasawa. Abin da mai gida ya fi tsoro ke nan: ya cire gidansa daga kasuwa, bayan wata uku a ce mai saye ba shi da ƙarfi. Idan tayi biyu suka zo daidai, mai takarda ne zai ɗauka. Sikotland tsarinta daban ne, ba da ita nake ba.

Amma kada ka nuna iyakar ƙarfinka. A ce an sa wa gida fam 240,000. Kana da kafin alƙalami fam 27,000, banki ya ce zai iya ba ka har 243,000, wato hannunka na kai wa 270,000. Ka taya 228,000. Ka tura takardar yadda take, dillali ya ɗauki biro ya yi lissafi cikin daƙiƙa goma: akwai rarar 42,000 a bayan wannan mutumin. Gobe da safe zai kira ka da murya mai daɗi ya ce mai gida ya ce albarka, amma in ka ɗan motsa kaɗan za a daidaita. Shi fa mai gida ne ya ɗauke shi aiki, shi ke biyan sa la'ada, kuma aikinsa ne ya samo masa farashi mafi tsoka. Bai yi laifi ba. Kai ne ka buɗe lalita.

Maganin mai sauƙi ne. Ka sa mai ba ka shawarar bashi ya rubuta wa dillalin layi biyu cewa kuɗin wannan tayin sun samu, ko ka nemi takardar da adadinta ya dace da tayin, wato 201,000 a misalinmu, ko ka rufe adadin da baƙi ka faɗa musu ka rufe. Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda abin da za ka iya ranta daban, abin da ka yarda ka biya daban. Gaskiya ne, in kana da zuciyar cewa a'a sau uku a jere. Yawancinmu, da uwargida ta ga kicin ɗin, zuciyar ta tafi.

Rufe adadi halal ne, canza adadi zamba ce. Kada ka kuskura ka taɓa lamba ɗaya a takardar banki. Dokar zamba ta 2006 tana nan, kuma ba gidan kaɗai za ka rasa ba.

Kada ka yarda a ce sai ka zauna da mai ba da shawarar bashi na ofishinsu kafin a kai tayinka. Ni kaina an yi min. Wani matashi cikin kwat shuɗiya, ya turo min kofin shayi, ya ce "minti ashirin ne kawai, don mu tabbatar da kai." Minti ashirin ɗin nan albashinka suke so, da ajiyarka, da kuma kamashon da za su samu in ka karɓi bashi ta hannunsu. Yi lissafi ka gani: in la'adar dillali kashi 1.5 cikin ɗari ce, ƙarin fam 10,000 a farashi fam 150 kacal ya ƙara wa ofishin, alhali bashi da inshora da lauyan da suka haɗa ka da shi kowanne na kawo nasa. Dokar dillalan gidaje ta 1979 da umarnin da ya biyo ta a 1991 sun wajabta musu kai kowane tayi ga mai gida a rubuce ba da jinkiri ba, sai irin wanda shi mai gidan ya ce a rubuce kada a kawo masa, kuma sun hana su nuna maka bambanci don ka ƙi hidimarsu. Ka ce na gode, ina da nawa. Ka aika tayinka ta imel, ka nemi shaidar an isar. In sun yi maka wasa, ka fara kai ƙara ofishinsu a rubuce, sannan ka wuce hukumar sasanci da suke ciki, The Property Ombudsman ko Property Redress. Dole ne kowane dillali ya kasance cikin ɗaya.

Kada kuma ka ɗauki tambayar fasfo da shaidar adireshi a matsayin raini ko wariya. Ƙa'idojin hana halatta kuɗin haram na 2017 sun ɗora musu tantance mai saye da mai sayarwa, hukumar haraji ta HMRC ce ke sa musu ido. Ka bayar ba gardama.

Inda namu suka fi tuntuɓe shi ne asalin kafin alƙalami. Ka kwashi adashi, fam 12,000 ta faɗo asusunka rana ɗaya daga hannun uwar adashi. Ko Alhaji ya sayar da fili a gida, kuɗin suka biyo ta hannun ɗan canji suka shigo da sunan wani da ba ka taɓa gani ba. A wurinmu ba abin mamaki, a wurin lauyan Bature kuwa jan tuta ce. Ka tanadi bayani tun watanni kafin lokaci: jerin zubin adashi na kowane wata ta banki, takardar cinikin filin, shaidar turo kuɗi ta halattacciyar hanya, da wasiƙar Alhaji mai cewa kyauta ce, ba rance ba, kuma ba shi da haƙƙi a gidan. Kada ka zuba tsabar kuɗi a asusu ana saura mako biyu. Cikakken wannan bayani na lauyanka ne da banki. Dillali, in ya nema, shafin da ke nuna sunanka da kuɗin ya ishe shi, ka rufe sauran cefanenka.

In ta hanyar da ba riba za ka saya, irin tsarin haɗin gwiwa da haya na Gatehouse Bank, su ma suna ba da takardar share fage. Ka yi wa dillali bayani a jimla ɗaya tun ranar farko, don da yawansu ba su saba gani ba, kada ya ajiye tayinka a ƙasan tari saboda bai gane ba.

Bayan an sallama maka, ka nemi a cire gidan daga talla nan take, ka sa sharaɗin cikin imel ɗin tayinka tun farko. Daga nan har ranar karɓar makulli, kada ka ci bashin mota, kada ka ɗauki kujeru a biya kaɗan-kaɗan, kada ka sauya wurin aiki ba ka gaya wa mai ba ka shawara ba. Banki na iya sake leƙa kundinka ya janye. Kuma in imel ya zo da sunan dillali ko lauya yana cewa sun canza lambar asusu, musamman ranar Juma'a da yamma ana gab da rufe ciniki, kada ka tura ko fam ɗaya. Ka ɗauki waya ka kira lambar da ke kan takardar farko da lauyan ya ba ka hannu da hannu.