KABBALA: ME CECE ITA, KUMA ZA A IYA RABA TA DA ADDININ YAHUDU?

'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan Kabbala ne. An sha tambayata a kanta, kuma masu tambayar kashi biyu ne. Wasu sun ji an ce tsafi ce ta 'yan ƙungiyar asiri. Wasu kuma sun ci karo da masu tallata ta a intanet a matsayin hanyar samun natsuwa wadda ba ruwanta da addini, wai kowa zai iya shiga ba tare da ya taɓa aƙidarsa ba. Duka maganganun biyu ba daidai ba ne. Kabbala ilimin baɗini ne na Yahudawa, a cikin addininsu ta tsiro, kuma ba ta tsayuwa sai da shi.

Mu fara da sunan. Kalmar Ibrananci ce, ma'anarta abin da aka karɓa. Tushenta ɗaya da "ƙabul" na Larabci, domin harsunan biyu 'yan'uwa ne. Ma'abotanta suna cewa sirri ne da almajiri ke karɓa daga bakin malami. Amma a tarihi, a ƙarni na 12 ta bayyana, a kudancin Faransa, sannan ta tsallaka Sifaniya. A can ne, wajen ƙarshen ƙarni na 13, babban littafinta mai suna Zohar ya fito ta hannun Musa de Leon, wanda ya rasu a 1305. Shi dai ya jingina littafin ga wani malami na ƙarni na 2, Shimon bar Yohai, amma masu bincike irin su Gershom Scholem sun tafi a kan cewa yawancinsa de Leon ne ya rubuta. To mene ne Zohar ɗin? Sharhin Attaura ne, mafi yawansa da harshen Aramiya. Ka ga tun daga nan, wanda bai san Attaura ba, me zai tsinta a sharhinta?

Sai koyarwar. Suna kiran zatin Ubangiji "Ein Sof", wato marar iyaka, wanda hankali ba ya riska. Suka ce yana bayyana ta matakai goma da ake kira sefirot, daga ciki akwai hikima, jinƙai, hukunci da mulki. Sun kuma ɗauki haruffan Ibrananci 22 a matsayin abin da aka gina halitta da shi, kowane harafi da lambarsa. Wanda ya san hisabin abajada a wurinmu ba zai ji baƙon abu ba: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, haka su ma haruffansu na farko suke.

A 1492, shekarar da Garnaɗa ta kuɓuce daga hannun Musulmi, aka kori Yahudawa daga Sifaniya. Da yawansu suka samu mafaka a Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Garin Safad da ke yankin Galili, a ƙarƙashin wannan daula, ya zama cibiyar Kabbala. A nan Ishaƙ Luria ya koyar. Ya ce Ubangiji ya takure kansa don halitta ta samu wuri, sai hasken da ya kwararo ya fasa tasoshin da aka tanada masa, tartsatsinsa ya warwatsu a duniya. Aikin ɗan Adam shi ne "tikkun", gyara. Da me ake gyaran? Da addu'a da kiyaye umarnin Attaura 613: ranar Asabar, dokokin abinci da sauransu.

Ku lura da wannan sosai. A garin nan na Safad Yusuf Karo ya zauna, marubucin Shulhan Arukh, littafin fiƙihun da Yahudawa masu riƙo ke komawa gare shi har gobe, kuma shi kansa ɗan Kabbala ne. Wato a wurin masu abin, baɗini ba ya rabuwa da shari'a. Idan ka cire shari'ar, babu abin yin gyaran ke nan.

Su kansu Yahudawan ba bakinsu ɗaya ba a kanta. A 1665 wani mutumin Izmir, Shabbatai Zebi, ya yi da'awar shi ne Almasihun da suke jira, mabiyansa suka kafa hujja da Kabbala, jama'a suka ruɗe, wasu har suka sayar da kadarorinsu. A 1666, da aka kai shi fadar Sarkin Turkiyya, sai ya ce ya musulunta. Bayan irin wannan fitina malamansu suka ƙara tsanantawa, sharaɗin nan ya shahara cewa sai mutum ya kai shekara 40 kuma ya ƙoshi da karatun zahiri, duk da cewa Luria kansa yana da shekara 38 ya rasu, a 1572. A farkon ƙarni na 20 kuma, a birnin San'a na Yaman, malaminsu Yahaya Ƙafih ya yi watsi da Zohar, yana ganin maganar sefirot ta yi karo da kaɗaita Ubangiji. 'Yan Kabbala suka ce a'a, duk goman abu ɗaya ne a haƙiƙa. A ɗaya ɓangaren, 'yan Hasidi, waɗanda suka taso a gabashin Turai a ƙarni na 18, a kanta suka gina tafarkinsu.

To wadda ake talla yanzu fa? Ta shahara ne ta hanyar Kabbalah Centre ta Philip Berg a Amurka, musamman da mawaƙiya Madonna ta shiga, aka riƙa ganin jan zare a hannun taurari. Malaman Yahudawa da yawa sun soki wannan salo, suna cewa an ciro reshe ne daga bishiyarsa ana sayarwa.

Abin da nake so mu tafi da shi biyu ne. Na farko, adalci. Kada mu yaɗa cewa Kabbala ƙungiyar matsafa ce mai juya duniya a ɓoye. Littattafanta a buge suke, ana karantar da su a jami'o'i. Ƙarya ba ta halatta ko a kan wanda ba addininku ɗaya ba. Na biyu, sanin abin da mutum zai sa ƙafa a ciki. Karanta ta don sanin abin da wasu suka yi imani da shi abu ne daban, ɗaukar ta hanyar suluki kuma abu ne daban. Tafarkin ya ginu ne a kan cewa aikin bawa yana gyara wani abu a al'amarin Ubangiji, mu kuwa aƙidarmu ita ce Allah mawadaci ne, biyayyarmu ba ta ƙara masa komai, saɓonmu ba ya rage shi. Don haka duk wanda ya ce maka babu addini a ciki, ka tambaye shi: Zohar sharhin wane littafi ne?

Allah ne mafi sani. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya tabbatar da dugaduganmu.