Darasi na Goma Sha Biyu: Idan Burauza Ta Ƙi Buɗewa

Ɗalibi, a ce ka zauna gaban kwamfuta za ka cike fom ɗin jarrabawa. Ka danna Firefox, sai wani ɗan saƙo ya fito yana cewa an kasa buɗe furofayil ɗinka. A nan ne hankalin mutane da yawa yake tashi. Wasu sukan cire manhajar su sake saka ta, amma saƙon ya dawo, domin matsalar ba a jikin manhajar take ba.

Firefox burauza ce, wato manhajar shiga intanet. An fito da ita a shekarar 2004. Kalmominka na sirri, da shafukan da ka yi wa alama, da tarihin wuraren da ka ziyarta, duk tana ajiye su a wata folda ta daban. Wannan folda ita ce furofayil. Akwai kuma wani ƙaramin fayil mai suna profiles.ini, wanda yake nuna wa burauza inda foldar take, kamar yadda yaro yake nuna wa baƙo gidan mai unguwa. Idan an sauya wa foldar suna ko wuri, ko kuma fayil ɗin ya lalace, sai burauza ta ɓace hanya. Galibi kayanka suna nan, jagoran ne ya rikice.

Ga yadda za ka yi a kwamfuta mai Windows. Da farko ka rufe Firefox gaba ɗaya. Sannan ka danna maɓallin Windows tare da harafin R. A ɗan akwatin da zai bayyana, ka rubuta %APPDATA%\Mozilla\Firefox, ka danna OK. Za ka ga profiles.ini. Kada ka goge shi! Ka sauya masa suna kawai, misali ka kira shi tsoho.ini. Da ka sake buɗe Firefox, za ta ƙirƙiri sabon furofayil da kanta.

To, amma sabon furofayil fanko ne, ba komai a cikinsa. A ganina nan ne aikin yake buƙatar natsuwa, don mai gaggawa yakan yi zaton komai ya salwanta. Ka sake rufe burauzar, ka koma wurin ɗazu, ka shiga foldar Profiles. Za ka tarar da tsohuwar folda da sabuwa. Ranar da aka ƙirƙiri kowacce za ta bambanta maka su. Daga tsohuwar, ka kwafi places.sqlite zuwa sabuwar, shi ne yake riƙe da alamomin shafuka da tarihi. Kalmomin sirri kuwa suna buƙatar fayil biyu, logins.json da key4.db. Ɗaya akwati ne, ɗaya makulli, saboda haka tare za ka kwafe su. Idan kwamfutar ta makaranta ce, ka nemi izinin malami kafin ka taɓa komai.

Nahawu

Ka lura da yadda aka ba da umarni a wannan darasi. Ga namiji ana cewa “ka rufe”, ga mace “ki rufe”, ga mutane da yawa “ku rufe”. Hani kuma da “kada” yake farawa: kada ka goge, kada ki goge, kada ku goge.

Aiki

1. Me ya sa sake saka manhajar ba ya magance matsalar?
2. Waɗanne fayiloli ne suke riƙe da kalmomin sirri?
3. Ka sake rubuta sakin layi na uku kamar da ɗaliba mace kake magana.