Sitabilaizar Baya: Yadda Sandar Ƙarfe Ɗaya Ke Sauya Halin Mota a Kwana

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar baya lokacin da direba ya shiga shataletale da ɗan gudu ya san yadda mota ke kwantawa gefe guda, har fasinja ya danne na kusa da shi. Wannan karkatar ce ke sa matasa masu sha'awar mota neman sauya sandar da makanikai ke kira sitabilaiza, musamman ta baya. A bidiyoyin YouTube da TikTok ana nuna aikin kamar wasa: a kwance noti huɗu ko shida, a ɗaura sabuwar sanda mai kauri, mota ta daina tangaɗi. Aikin kam ba shi da wuya. Abin da bidiyoyin ba su cika faɗa ba shi ne sandar tana sauya yadda mota ke zamewa idan taya ta gaza, kuma wanda bai fahimci hakan ba yana iya sayen hatsari da kuɗinsa.

Mece ce sitabilaiza?

Sanda ce ta ƙarfen sifirin da aka lanƙwasa bakinta biyu, ta yi kama da harafin U mai faɗi. Tsakiyarta na manne da jikin mota ta hanyar bushin biyu da maƙalansu. Kowane hannu nata kuma yana haɗe da ƙafar taya ɗaya ta wani ɗan guntun ƙarfe da ake kira linkej. Dabarar ta daɗe: a shekarar 1919 wani ɗan Kanada mai suna Stephen Coleman ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirarta.

Idan tayoyin baya biyu suka hau tudun rage gudu lokaci guda, hannayen sandar suna ɗagawa tare, sai ta juya kawai a cikin bushin, ba ta yi wani aiki ba. A kwana kuwa, gefen waje na nutsewa, gefen ciki na ɗagawa. Hannu ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi ƙasa, dole sandar ta murɗe kamar ana matse wanki. Ƙarfen yana turjewa wannan murɗiya, turjiyar ce ke rage karkatar bodi.

Abin da take sauyawa a zahiri

A kwana, nauyin mota na komawa kan tayoyin waje. Yawan nauyin da ke komawa ya dogara ne da nauyin motar, da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da kuma gudu da tsananin kwanar. Sitabilaiza ba ta rage jimillar wannan nauyi. Abin da take yi shi ne raba shi tsakanin gaba da baya: ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi yawa.

Ita kuma taya tana da wani hali. Idan aka ninka nauyin da ke kanta, riƙon da take yi wa kwalta yana ƙaruwa, amma ba ya ninkuwa. A ɗauka tayoyin baya biyu kowace na ɗauke da kilo 300. Idan kwana ta sa ta waje ta ɗauki 450, ta ciki ta koma 150, jimillar nauyin tana nan 600, amma jimillar riƙonsu ta ragu.

Saboda haka sanda mai tauri a baya tana rage wa tayoyin baya riƙo kaɗan, ta sauƙaƙa wa na gaba. Wannan na da amfani ga motocin da ke ja da tayoyin gaba, irin su Corolla da Civic da Golf, waɗanda kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsu ke gaba. Masu ƙera su da gangan suke saita su ta yadda gaba ne zai fara zamewa: direba ya murɗa sitiyari, hancin motar ya nemi wucewa a miƙe. Sun zaɓi haka ne domin idan direba ya tsorata ya ɗaga ƙafa daga totur, motar kan dawo hanya da kanta. Ƙara wa baya tauri na rage wannan gardamar hanci, mota ta riƙa bin sitiyari da sauri.

Idan taurin ya wuce kima, baya ne zai fara zamewa. Motar ta wulla bayanta waje, ta nemi juyowa ta fuskanci inda ta fito. Yana faruwa ne galibi idan direba ya saki totur ko ya taka birki a tsakiyar kwana, ko kwalta na da ruwa ko yashi, kuma ceto mota daga wannan hali na bukatar gwanintar da yawancin direbobi ba su da ita.

Tarihin mota ya nuna nauyin wannan daidaito. Chevrolet Corvair ta 1960 zuwa 1963 injinta a baya yake, kuma an fitar da ita ba tare da sitabilaizar gaba ba a matsayin kayan da kowace ke zuwa da shi. Kamfanin ya dogara da bambancin iskar taya, 15 a gaba da 26 a baya a ma'aunin PSI, abin da masu motar da yawa ba su kiyaye ba. Ƙorafin wulla baya ya yi yawa, har lauya Ralph Nader ya buɗe littafinsa na 1965 da batun motar. Daga ƙirar 1964 aka mayar da sandar gaba dole. Duk da cewa binciken gwamnatin Amurka na 1972 ya ce motar ba ta fi takwarorinta na lokacin hatsari ba, sunanta ya riga ya ɓaci.

Lissafin kauri

Taurin sanda ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinta. Ana ninka kaurin ne a kansa sau huɗu. Shi ya sa ƙarin da ido ke rainawa ke yin babban tasiri, muddin tsawo da siffar sandar ba su sauya ba:

- Daga milimita 20 zuwa 22: tauri ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100.
- Daga milimita 19 zuwa 22: kusan kashi 80 cikin 100.
- Daga milimita 16 zuwa 19: ya kusa ninkawa biyu.

Akwai sanduna masu rami a ciki kamar bututu. Sun fi sauƙin nauyi, amma ba su kai cikakkiyar sanda mai kauri ɗaya da su tauri ba, don haka ba a kwatanta su da kaurin waje kaɗai. Akwai kuma masu huji biyu ko uku a bakin kowane hannu. Hujin ƙarshe na ba da hannu mai tsawo, sanda ta yi laushi. Hujin da ke kusa da lanƙwasa na gajarta hannun, ta yi tauri.

Wace irin ƙafa ce a bayan motar?

Kafin a yi odar komai, sai a leƙa ƙarƙashin mota. Motoci irin su Camry da Accord da Golf 5 kowace tayar baya na da ƙafarta daban, kuma yawanci sun zo da siririyar sitabilaiza daga kamfani. A nan musanya ce kawai: a cire tsohuwa, a sa sabuwa a gurbinta.

Golf 3 da Golf 4 masu jan gaba da wasu ƙirar Corolla kuwa, wani faffaɗan ƙarfe ne ya haɗa tayoyin baya biyu. Shi kansa wannan ƙarfe yana murɗewa a kwana, wato yana yin aikin sitabilaiza. Sandar da ake ƙara wa irin waɗannan motoci ana ɗaure ta ne a jikin ƙarfen, galibi ba ta bukatar linkej. Kowace sanda an lanƙwasa ta ne don ƙirar mota da shekara takamaimai. Wadda aka ciro daga wata mota daban aka yi wa walda ko aka gasa da wuta don ta shiga, ƙarfenta ya riga ya rasa ƙarfin sifirin, tana iya karyewa a kan hanya.

A fara da gyaran abin da ya lalace

Mota da yawa da ke tangaɗi ba sabuwar sanda suke bukata ba. Linkej da ya mutu ko ya tsinke na mayar da sitabilaiza ƙarfen banza, kuma alamarsa ƙarar ƙwanƙwasa a kan gargada. Bushin da ya cinye na barin sandar ta yi wasa kafin ta fara aiki. Shokazoba da ta zubar da mai na sa mota lilo bayan kowane rami. Taya mai ƙarancin iska ko wadda ta sulɓe ta fi duk waɗannan illa. Gyara su ya fi araha, kuma sau da yawa shi kaɗai ke dawo da motar hayyacinta. Idan tayoyi biyu kawai za a iya saya, masu ƙera taya na ba da shawarar a sa sababbin a baya.

Matakan ɗaurawa

Kayan aiki: jak, ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, sifanoni da soket, makullin alanki, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, man fesawa mai sassauta tsatsa, da giris ɗin da ya zo da sandar. Ga wanda ya saba, aikin awa ɗaya ne zuwa biyu.

1. A ajiye mota a daɓe mai faɗi, a tokare tayoyin gaba, a bar salansa ya huce.
2. A ɗaga baya duka biyu daidai wa daida, a ɗora a kan ƙafafun tokare. Ɗaga gefe ɗaya na murɗe sandar, noti ya ƙi fita, ko hannunta ya fizgo da ƙarfi idan ya saki. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.
3. A ɗauki hoton tsohuwar sanda da waya ta kowace kusurwa. Ɗaura sanda a kife na cikin kurakuran da aka fi yi.
4. A fesa wa notuna mai, a kwance linkej, sannan maƙalan bushin. Idan ƙusar linkej na juyawa tare da noti, a riƙe ta da alanki.
5. A zaro sandar a hankali. A wasu motoci sai an sassauta robar da ke rataye da salansa.
6. A jera tsohuwa da sabuwa a ƙasa, a tabbatar lanƙwasarsu ta yi daidai.
7. Idan bushin na foliyuritan ne, a shafa masa giris ɗinsa, in ba haka ba zai riƙa kuka. Bushin roba kuwa ba ya son baƙin mai ko giris na yau da kullum, suna cinye shi.
8. A ɗaura komai da hannu tukuna. Idan sandar mai huji ce, a fara da hujin ƙarshe, kuma iri ɗaya a hagu da dama.
9. A sauke mota nauyinta ya zauna a kan tayoyi, a kan ramin gareji ko tudun hawa, sannan a yi ɗaurin ƙarshe da awon da littafin motar ko takardar sandar ta faɗa.
10. A duba cewa sandar ba ta gogar tiyon birki, wayar ABS, salansa ko tankin mai.

A yawancin motoci wannan aiki ba ya taɓa alaimen. Bayan 'yan kwanaki ana hawa, a sake bin notunan.

Gwaji

Fili mai faɗi da babu mutane ko ababen hawa shi ne wurin gwaji, ba titi ba. A fara da ƙaramin gudu, a riƙa zagaye, a saki totur a tsakiyar kwana don a ji yadda baya ke amsawa. Waya na da amfani a nan: wani ya tsaya nesa ya ɗauki bidiyon motar daga baya kafin aiki da bayansa, a gudu ɗaya da kwana ɗaya. Bidiyon ya fi jin jikin direba gaskiya, domin wanda ya kashe kuɗi yakan ji abin da yake son ji. Idan baya na nuna alamar sulɓewa da wuri, a koma huji mai laushi ko tsohuwar sanda.

Abin da ake rasawa

Sanda mai tauri na ɗaure tayoyin biyu da juna. Taya ɗaya ta faɗa rami, girgizar ta ratsa zuwa ɗaya gefen, fasinjoji su ji kansu na kaɗawa. A hanya mai gargada tayar ciki na iya barin ƙasa, kuma maƙalan sandar da linkej na saurin gajiya, wani lokaci har ƙarfen da suke manne da shi ya yage. Motar da ake cika wa but da buhuna, a ɗora mutum huɗu a baya, nauyinta ya riga ya koma baya, ƙarin tauri na ƙara mata saurin wulla baya ne. Doguwar mota kuma sandar ba ta sauke mata cibiyar nauyi, don haka ba ta hana kifewa. Na'urar ESP mai taka birki da kanta idan mota ta fara zamewa ma an saita ta ne bisa ƙafar da kamfani ya ɗaura.

Wannan cinikin tsakanin tauri da laushi ne ya sa kamfanoni suka koma ga sanduna masu sauya hali. Citroën Xantia Activa ta tsakiyar shekarun 1990 ta yi amfani da matsin mai wajen hana bodi karkata. Tsarin KDSS na Toyota a wasu Land Cruiser da Prado na sassauta sandunan a hanyar daji, ya ƙarfafa su a kwalta. Jeep Wrangler Rubicon na da maɓallin da ke raba sandar gaba biyu. Bentley Bentayga da Audi SQ7 kuwa motar lantarki mai bolt 48 ce ke murɗa sandar bisa umarnin kwamfuta.

Mai ƙaramar mota ba shi da wannan gata, tauri ɗaya zai zaɓa ya zauna da shi rani da damina. Ga wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta mai kyau take, kuma tayoyinsa da shokazobarsa lafiya lau, ƙarin milimita 2 ko 3 na iya sa motar ta yi daɗin sarrafawa sosai. Wanda kullum yake fama da ramuka da lodi kuwa, sabon linkej da bushin a kan sandar kamfani sun fi masa alheri.